Ra'ayinmu: Uwargida Ta Iya Karatu, Ina Abin Karantawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai sayar da jaridu a Zariya, a PZ ne ko wani wuri makamancinsa, ya san abin da ake shimfiɗawa a kai. Jaridun Turanci na ranar suna gaba, an danne su da dutse kada iska ta kwashe. A gefe akwai jaridar Hausa ɗaya ko biyu, sai mujallun siyasa masu hoton gwamna a bango, sai waɗansu masu sheƙi da rana ta fara cin launinsu, amarya ta sha lalle da gwala-gwalai tana murmushi. Maza ne ke kewaye da teburin, yawancinsu karatun tsaye suke yi, ana musun siyasa da na ƙwallo. Mace 'yar shekara hamsin daga Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma ba za ta kutsa cikin wannan taro ba. In ma ta aiki ɗanta da kuɗi ya sayo mata abin karantawa, yaron zai duba ya sake dubawa, ya koma mata da kuɗinta, ko kuma ya kai mata abin da aka shirya domin ƙanwarsa.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna garin da ake magana a kai. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A nan hukumar NORLA ta zauna cikin shekarun 1950 tana fitar da ƙananan littattafai da jaridun larduna domin waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci, har lardin Zazzau ya samu tasa. Mutanen wancan zamani sun gane cewa koya wa mutum baƙi da wasali rabin aiki ne, in ba a sa masa abin karantawa a hannu ba karatun zubewa zai yi. A nan kuma kamfanin ɗab'i na NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980, littafin da ya buɗe wa mata ƙofar ƙagaggun labaran Hausa. Garin da ya yi wa Arewa wannan hidima, yau uwargidan da ke cikin ganuwarsa tana neman mujallar da aka shirya dominta da harshenta, da ƙyar take samu, in ma ta samu.

Ya kamata a fara sanin wace ce wannan mace, domin da yawa daga masu buga jaridu suna ɗaukarta kamar kakarta. Yarinyar da aka sa aji ɗaya lokacin da gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yau ta haura hamsin. Gaskiya ne ba kowane gida na cikin birni ya yarda da boko ba a lokacin, kuma da yawa an cire su a aji biyar ko shida aka yi musu aure. To amma waɗanda boko ya kuɓuce wa, makarantun Islamiyya na matan aure sun tsinto da yawansu tun daga shekarun 1980, suka zauna a benci da goyo a baya suna koyon Larabci da rubutun Hausa. Waɗannan matan ne kuma, suna 'yan mata da amare, suka ɗauki nauyin kasuwar littattafan soyayya da suka kwararo daga Kano. Su suka sayi littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka karɓi haya a shago, suka ba maƙwabta aro ta kan katanga har bango ya cire. Mai karatun tana nan, ba ta mutu ba, ba ta kuma mance karatu ba. Shekarunta ne suka ƙaru, bukatunta suka sauya, masu rubutu kuma suka tsaya wajen 'yarta.

A shiga gida irin na cikin birni da hantsi, bayan an sallami yara makaranta. Za a same ta a bakin ɗaki kan tabarma, ta shimfiɗa wuyan babbar riga a cinya tana bin zanen aska da allura, domin tun wajen shekarun 1970 matan birnin Zazzau suka shiga ɗinkin hannu, sana'ar da a da maza ne kaɗai ke yi. Zaren ya ƙare, ta ɗaga allurar sama ta nisanta ta da ido, ta gwada sau uku, sannan ta kira jika ta zura mata. Rediyo na magana a kan taga. Wayarta na ƙarƙashin filo, saƙonnin murya sun taru daga rukunin dangi da na 'yan ajinsu na Islamiyya. A ranta kuwa lissafi ne iri iri: zubin adashi na ranar Juma'a, kayan ɗakin 'yar da aka sa wa rana, maganin hawan jinin maigida, surukarta da ke kwance tana jinya a ɗakin ƙurya, ɗanta da ya gama digiri shekara uku ba aiki, da wani baƙon yanayi da take ji a jikinta wanda ba ta faɗa wa kowa ba. Ita ce ginshiƙin gidan. Ita ake tambaya in jariri ya ƙi nono, ita ake kai wa ƙara in aure ya yi tsami. Wanda kowa ke tambaya kuwa, shi ma yana bukatar inda zai ɗebo.

Adalci ne a ambaci abin da ke akwai. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, ta nuna cewa mujallar Hausa tana iya rayuwa shekara da shekaru, kuma mata na cikin manyan masu sayenta, sai dai fagenta harkar finafinai ne. Tozali ta Maimuna Yaya Abubakar ta fito da adon matan Arewa da martabarsu, Tambari da ke zuwa cikin jaridar Daily Trust ta riƙa tattaunawa da manyan mata masu faɗa a ji, amma duka biyun da Turanci suke, kuma rayuwar da suke nunawa ta fi kusa da Abuja fiye da Babban Dodo. Ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana da mujallarta The Muslim Woman, ita ma da Turanci. Jaridun Hausa irin su Aminiya suna da filayen mata, kuma a yaba musu. Mujallun Legas irin su Genevieve na wata duniya ne daban. Ba a kuma rasa gwanayen mata a aikin jarida ba. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ta riƙe edita a Sunday Triumph da New Nigerian da mujallar Citizen kafin rasuwarta a Mina a 2015. Duk da haka, idan aka tara waɗannan duka aka tace, abin da zai rage wa uwargidan cikin ganuwa bai taka kara ya karya ba.

Mu ma masu wannan sana'a muna da namu kason na laifi. An daɗe ana ɗaukar filin mata a jarida a matsayin wurin da ake ajiye sabuwar ma'aikaciya kafin ta ƙware, a ce ta cike shi da girke-girke da gyaran jiki da dabarun riƙe miji. Matar da ta yi shekara talatin tana tuƙa tuwo ba ta jiran jarida ta koya mata miyar kuka.

Akwai masu ganin cewa wannan duk kuka ne marar amfani, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko shi ne kuɗi. Takardar da ake buga jarida da ita daga waje ake shigo da ita tun bayan durƙushewar masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin, don haka duk lokacin da naira ta faɗi sai kuɗin ɗab'i ya tashi. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, gidan da ke auna mudun masara da kwano ba zai ware kuɗin mujalla ba. Mujalla kuma ba da kuɗin mai saye kaɗai take rayuwa ba, da talla take rayuwa, masu talla kuwa matasa suke bi. Suna kawo misali da Amurka, inda aka kafa mujallar More a 1998 musamman domin matan da suka haura arba'in, ta samu masu karatu fiye da miliyan, amma a 2016 aka rufe ta saboda tallar ba ta isa ba. In haka ta faru a ƙasar da mata ke da kuɗin saye, in ji su, me ake tsammani a Zariya, garin da ita kanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kasa ci gaba da fitowa?

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Suna cewa Bahaushiya da kunne take ɗaukar ilimi, kuma rediyo ya daɗe da toshe wannan gurbi. Tun zamanin gidan rediyon Kaduna na farkon shekarun 1960 har zuwa tashoshin FM na yau, akwai shirye-shiryen mata da na lafiya da na fatawa, kyauta, kuma mace na iya saurare hannunta na kan aiki. Ga waya ta zo da saƙon murya, ga Arewa24, ga wa'azin malamai mata da maza a Facebook da WhatsApp. Idon da ya kasa zura allura kuwa, yaya zai yi da ƙananan baƙaƙen mujalla? Wasu kuma suna ƙarawa da cewa littattafan Islamiyya sun ishe ta, mace in ta kai wannan shekaru hankalinta ya koma ga Alƙur'ani da azkar, ba ta da lokacin takardun duniya.

Mun saurari wannan duka, kuma mun yarda da rabinsa. Amma akwai abin da masu wannan ra'ayi ba su lura da shi ba, shi ne kunya da sirri. Rediyo a tsakar gida yake magana, kowa na ji, har da suruki da 'ya'ya maza da suka shigo gaisuwa. Da mai gabatarwa ya fara batun al'adar mata, hannun uwargida ne zai fara kai wa ga maɓalli ya rage murya. Waya kuma, sau da yawa 'yarta ce ko jikarta ke buɗe mata, ke nemo mata abu, ke karanta mata abin da aka rubuto. Akwai tambayoyin da Bahaushiya ba za ta taɓa yi ta bakin 'yar cikinta ba. Takarda ce kaɗai za ta shiga da ita ɗaki, ta sa tabarau, ta karanta ita kaɗai, ta mayar ƙarƙashin katifa, gobe ta sake ɗaukowa ta duba wurin da ba ta gane ba.

A ɗauki batun ɗaukewar al'ada. Yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55 abin ke zuwar musu, kuma kafin jinin ya tsaya gaba ɗaya yakan yi shekaru yana rikicewa, ya zo da wuri, ya yi jinkiri, ya yi yawa. Tare da shi akwai zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, rashin barci, saurin fushi, faɗuwar gaba. Mace nawa ce a cikin birni ta ɗauka sammu ne ko iska, ta zargi kishiya ko matar ɗa, ta kashe kuɗin adashinta wajen neman magani, alhali abin da ke faruwa halitta ce da Allah ya tsara wa kowace 'ya mace? Rikicewar jinin kuma tana jawo tambayoyin ibada, na salla da azumi da idda, waɗanda take jin nauyin yi wa malami namiji a gaban aji. Sannan ga abin da ya fi haɗari. Jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya alama ce da ke bukatar ganin likita ba tare da jinkiri ba, haka ma ƙullutu a mama ko da ba ya ciwo. Hawan jini yakan zauna a jiki ba tare da wata alama ba, mai shan maganinsa kuma bai kamata ta daina don ta ji sauƙi ba. Asibitin Gambo Sawaba yana nan a Ƙofar Gayan, asibitin koyarwa yana Shika, amma da yawa ba sa zuwa sai abin ya ci ƙarfinsu. Shafi biyu da likita mace ta rubuta da Hausa mai daɗi, ta sa sunanta a ƙasa, zai iya kai wata asibiti da ƙafarta kafin a kai ta a kwance.

Saƙon waya ba ya yin wannan aiki, domin ba shi da uba. Murya ce kawai ta wata da ba a san ko wace ce ba, tana cewa a jiƙa kaza da kaza a sha, ciwon suga zai tafi har abada, a ƙarshe ta ba da lambar da za a kira a saya. Wanda ya tuna ruɗanin da aka yi kan rigakafin shan-inna a 2003 da 2004 ya san abin da jita-jita ke iya yi a ƙasar nan. A watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, kuma a gidaje da yawa uwa ce ko kaka ke yanke hukuncin a yi ko kada a yi. Da me za ta yanke, in abin da ke iso ta bai wuce saƙon da aka turo daga wani rukuni ba? Mujalla tana da edita, tana da adireshi, in ta yi kuskure akwai wanda za a kama, akwai fitowa ta gaba da za ta gyara.

Haka batun dukiya. A waɗannan shekaru ne mata da yawa ke shiga takaba. Kowace ɗalibar Islamiyya ta san matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kuma matan suna raba wannan kaso a tsakaninsu. Abin da ba a koya mata ba shi ne yadda za ta yi in gadon gidan gado ne na cikin birni wanda tun kakanni ba a raba ba, ko gona ce a ƙauye da ƙanin miji ke nomawa, ko kuɗi ne a banki da ake neman takardar kotu kafin a taɓa. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta kusa ritaya tana bukatar wanda zai warware mata tsarin fansho na zubi da aka kawo a 2004, tun kafin ranar ta zo. Mai ɗinkin hannu tana bukatar sanin nawa rigar da ta yi wata guda a kanta ke kaiwa in ta isa kasuwa. Uwar adashi tana bukatar sanin yadda 'yan damfarar waya ke kwashe kuɗi daga asusu. Waɗannan abubuwa ne da ake son a gani a rubuce, da lissafinsu, a ajiye, a nuna wa ɗa ko alƙali.

Masu cewa addini ya ishe ta kuma, tarihinmu bai goyi bayan raba abin gida biyu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi isar da ilimi ga matan karkara, dattawan mata ta zaɓa, waɗanda suka wuce shekarun goyo, ta naɗa su jajis ta ba su malfa, suka riƙa ɗaukar rubuce-rubucenta daga Sakkwato zuwa garuruwansu suna karantar da 'yan taru. Ta gane cewa mace a wannan shekaru tana da 'yancin fita da budurwa da amarya ba su da shi, tana da kwarjinin da za a saurare ta, kuma abin da aka zuba mata zai isa gidaje goma. Abin da aka gane kusan shekara ɗari biyu da suka wuce bai kamata ya gagare mu ganewa ba.

Idan aka ɗora hujjojin nan a ma'auni, ga inda muka tsaya. Masu shakka sun yi gaskiya cewa mujalla mai sheƙi, mai fitowa duk wata, mai jiran tallar banki da kamfanin waya, wadda za a ajiye a teburin PZ a jira uwargida ta zo, ba za ta yi shekara ba. Amma sun yi kuskure da suka ɗauki mutuwar wannan salo a matsayin shaidar cewa babu mai karatu. Littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara da miji ya kora, ta koma sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Ba budurwa ba ce, ba amarya ba ce, amma mata sun saya sun karanta, har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Waɗannan littattafai ba da tallar banki suka rayu ba. Takarda ce mai arha, farashi mai sauƙi, da hanyar da ke shiga har cikin ɗaki.

Hanyar nan ita ce mabuɗin al'amarin, kuma tana nan a shimfiɗe. Atamfa da turaren wuta da kwanuka suna isa ga matar da ba ta fita kasuwa, ta hannun dillaliya. Makarantun Islamiyya na matan aure suna tara ɗaruruwan mata a unguwanni kusan kullum. Akwai gidajen biki da suna, akwai uwayen adashi, akwai layin masu hawan jini da ciwon suga a asibiti inda mace ke zama awa biyu ba abin yi. Wanda ya ba dillaliya kwafi ashirin da ribarta a kai ya fi wanda ya kai ɗari biyu teburin jarida.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a buga wa matan nan mujallarsu, da Hausa, kuma Zariya ce ta fi cancanta ta fara. Ta riƙa fitowa sau huɗu a shekara, a takarda marar sheƙi, da manyan baƙaƙe saboda idon da ya fara gajiya, a farashin da mace za ta iya cirewa daga ribar ɗinki ba tare da ta nemi izinin aljihun kowa ba. A ware 'yan shafuka na ajami, kamar yadda kamfanin Triumph na Kano ya taɓa yi da jaridar Alfijir, domin akwai waɗanda da shi suka fi sakewa. Kowace fitowa a karanta ta da murya a tura ta waya, a ba tashoshin rediyon garin su ɗauki abin da ya dace da tsakar gida, abin da ya shafi sirri kuma a bar shi a takarda. Kayan aikin duk suna cikin gari: masana Hausa da malaman aikin jarida a Samaru, likitoci mata a Shika, masana shari'a a Kongo, maɗaba'u a Tudun Wada da Sabon Gari, malamai mata a kowace unguwa. A Jami'ar Ahmadu Bello ce aka yi taron 1982 da ya haifar da ƙungiyar Women in Nigeria, don haka tattauna lamarin mata ba baƙon abu ba ne a garin.

Sharuɗɗa biyu muke ganin in aka saki ɗaya aikin ya lalace. Na farko, masu riƙe da alƙalamin su kasance sa'o'in masu karatun. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma 'yar shekara ashirin da biyar ba ta san abin da ake ji ba ranar da aka kai 'yar fari ɗakin miji gida ya yi shiru, ko ranar da aka yi wa mace kishiya sa'ar 'yarta, ko yadda ake zama da matar ɗa a gida ɗaya ba tare da an zama abin tsoro ba. A cikin birni akwai malaman makaranta da ungozomomi da suka yi ritaya, akwai waɗanda ba su iya rubutu ba amma in suka buɗe baki sai an ajiye aiki an saurara. A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba a ƙasar Zazzau ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Irin su Baba suna nan a kowane lungu, kuma bai kamata mu sake jiran baƙo ya zo ya zauna da su ba.

Na biyu, talla. Masu kuɗin da za su fara zuwa da gudu su ne masu kayan mata da man bilicin da maganin da ke warkar da cuta arba'in. Mujallar da ta karɓi kuɗinsu ta sayar da amanar mai karatunta, domin ba zai yiwu likita ta yi gargaɗi a shafi na shida ba, a shafi na bakwai kuma a tallata abin da ta hana. Duk maganin da ba shi da rajistar NAFDAC kada ya shiga, wanda ke da ita ma kada a bar shi ya yi alƙawarin da ya wuce abin da aka yi masa rajista a kai. Haka kuɗin 'yan siyasa. Mun sha ganin mujallun da aka kafa da sunan mata suka koma kundin hotunan matar mai mulki, suka mutu ranar da mulkin ya ƙare. Gudummawar masarauta da attajirai da ƙungiyoyi abin so ce, in za ta tsaya a sayen kwafi a raba wa makarantu da asibitoci, ta bar edita da aikinta.

Kafin a kai ga haka, matar da ke neman abin karantawa yau tana da ma'aunin da za ta gwada duk abin da ya zo hannunta, mujalla ce ko filin jarida. Ta duba ko an sa sunan wanda ya yi bayanin lafiya da asibitin da yake aiki, ko an faɗi malamin da ya ba da fatawa da littafin da ya dogara da shi. Ta ƙirga shafukan talla ta ga me ake sayar mata. Ta duba ko akwai mace mai furfura a ciki wadda aka tambaya ra'ayinta, ba wadda aka ɗauka hoto a wajen biki kawai ba. 'Ya'yan da ke aiki a Kaduna da Abuja kuma, masu aiko wa iyayensu atamfa da katin waya, su haɗa da gwajin ido da tabarau, domin da yawa daga iyayen da ake cewa sun daina karatu, gani ne ya rage musu.

Ba sai an kafa kamfani an sayi injin ba kafin a gane ko muna da gaskiya. Fitowa ɗaya ta isa gwaji. A tara mata goma masu ilimi da shekaru, a shirya shafi talatin da biyu, a buga kwafi dubu biyu, a raba ta hannun makarantun Islamiyya da dillalai a unguwanni goma na cikin ganuwa, a bar lambar waya da akwatin wasiƙa a kowace makaranta domin tambayoyin da ba a son sa suna. Bayan wata uku a koma a buɗe akwatunan, a kuma nemi kwafin farko a ga hannu nawa kowanne ya ratsa.